Baba Yana Kankare Jininsa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da buɗi, ya tsare ku a inda kuke, ya raya mana yaran nan ya yi musu albarka. Mu ma nan sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma yawon unguwarta, sai an yi da gaske ake samunta a gida da rana. Auta ta gama jarrabawa, tana nan zaune tana jiran sakamako, ba ta tsinana komai sai barci da danna waya. Baban yara an canza masa wurin aiki, yanzu sai ya hau mota biyu kafin ya isa, kullum ya dawo yana mita. Ƙaramar tawa ta fara haƙori, duk abin da ta samu sai ta kai baki, har da silifas ɗin kakanta.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tunda ga waya a hannun kowa. To da gangan na yi. In na kira ka, ban kai tsakiyar magana ba za ka fara to, to, insha Allahu, sai ka ce ana kiranka a wani layin. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Don haka ka samu wuri ka zauna, ka ce wa yara su ba ka hankali, don maganar Baba ce, kuma wallahi raina a ɓace yake. Da kai nake fushi, da shi nake fushi, har da kaina ban bari ba.

Bari in fara tun daga baya, don kai ba ka ga ciwon nan da idonka ba, labarinsa kawai kake ji. Lokacin da ka tafi, ɗan ƙorafin yatsu ne da safe, muna ce masa gajiyar aiki ce. Bayan tafiyarka ne abin ya kankama. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan tsani da burushin fenti a hannu, ya wayi gari ba ya iya ɗaga buta. Yatsun su kumbura su yi sumul, wuyan hannu ya ɗau zafi, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. In ya tashi da safe sai rana ta ɗaga sosai kafin hannun ya saki. Umma ce ke saka masa maɓallin riga, shi kuma yana kallon bango don kada su haɗa ido. Babu man zafin da ba mu shafa ba, babu jiƙon da Kawu bai kawo ba, ƙwayar kashe zafi kuwa ya sha ta har ta fara cin cikinsa.

Sai Allah ya haɗa mu da likitar nan ta gaɓoɓi, wata 'yar siririya mai tabarau, wadda ba ta gajiya da bayani. Ita ce ta fara gaya mana cewa ba sanyi ne ya shige shi ba, ba kuma tsufa ba ne. Ta ce garkuwar jikinsa ce, wadda aikinta yaƙar cuta, ta rikice ta juyo tana cin gaɓoɓinsa, kuma duk abin da ta cinye ya tafi ke nan. Ta ɗora shi a kan wata ƙwaya ta mako mako. Da ta ga ƙwayar ita kaɗai ba ta riƙe ciwon ba, sai aka yi masa hoton ƙirji da gwajin jini iri iri, sannan ta ƙara masa allurar nan ta zamani, mai kama da ƙaton biro, wadda ake ajiyewa a firji. Ta ce a da masu irin ciwon nan sai dai su zuba ido hannu ya murɗe, amma yanzu masu bincike sun gano ainihin abin da ke hura wutar kumburin, allurar kuma shi take toshewa. Ta koya masa yadda zai ɗora ta a cinya ya danna da kansa, don ya ce ba zai buɗe wa 'yarsa cinya ba.

Yaya, ka dai ji a waya cewa ya samu sauƙi, amma ba ka san irin sauƙin ba. Baba ya koma saka maɓallinsa. Ya koma ɓare lemo da hannu. Wata rana na shigo gidan na tarar da shi a kan tsani yana gyara labule, na saki salati, ya leƙo daga sama ya ce in matsa kada in tare masa haske. A ranar na koma gida na yi kuka don daɗi. Mun ɗauka an wuce wurin.

Ana nan sai ga saƙon muryarka a zauren iyali na waya. Ka dai tuna shi. Ka ce ka karanta cewa masana sun fito da wata sabuwar hanya, ana ɗibar jinin mutum a ware wasu ƙwayoyi a ciki, a koya musu aiki a mayar masa, su share garkuwar da ta rikice, jiki ya sake sabuwa fil. Ka ce wasu da aka yi wa sun tashi garau ba ƙwaya ba allura. Muryarka har rawa take don murna. Mu duka muka ce masha Allah, Goggo ta turo addu'a mai tsawo, kowa ya ci gaba da harkarsa. Ashe Baba bai ci gaba da tasa ba. Ya sa Umma ta maimaita masa saƙon ya fi a ƙirga, ya yanke hukuncinsa shi kaɗai.

Ka san dokar Baba a wurin aiki, tunda kai ma ka sha ranƙwashi a kanta. Ba a shafa sabon fenti a kan tsoho. Sai an kankare tsohon tas, an bi da samfefa, an share ƙura, an bar bango ya sha iska. Ya sha ajiye aiki ya dawo gida don mai gida ya ce a shafa haka nan a wuce. To wannan dokar ce ya ɗauko ya ɗora wa jikinsa. A lissafinsa, in za a zuba masa sabon magani, dole a tarar da jininsa babu ɓurɓushin tsohon, in ba haka ba sabon ba zai kama ba, zai yi ta ɓarewa. Sai ya ajiye allura, ya ajiye ƙwaya, wai yana kankare jini.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ya yi da mu. Ranar allura ta zo, ya buɗe firji a gaban kowa ya ɗauko ta, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Umma tana tsakar gida za ta ji ya yi bisimilla da ƙarfi, can kuma ta ji ya ce wash. Ya fito yana murza cinya yana ɗan ɗingishi, har ta yi masa sannu ta miƙa masa ruwa. Dattijo mai furfura, mai jikoki, ya tsaya yana mana wasan kwaikwayo! A tsakanin nan ne kuma, da sauran ƙarfin da allurar ta bar masa, ya kwashe kujerun falo ya tara a tsakiya, ya rufe su da tsohon zanin gado, ya kankare bangon falon gaba ɗaya har da na tsohon ɗakinka. Da muka tambaye shi dalili ya ce fentin ya tsufa ne kawai.

Bai kai ga shafa sabon ba ciwon ya dawo. Da farko ya ce fanka ce ta buge shi. Daga baya ya ce katifa ce. Da na ga kofin shayi ya suɓuce masa ya tarwatse a ƙasa, sai hankalina ya tashi, na ce lallai maganin ne ya lalace. Na tasa Umma a gaba da faɗa, wai tana kashe firji da rana, baiwar Allah tana ta rantsuwa. Ban tsaya nan ba, na ɗauki mayafi na tafi kantin da muke karɓar allurar, na zazzage wa mai kantin ruwan masifa a gaban jama'a, na ce jabu yake ba mu. Bawan Allah ya fito da kwalaye yana nuna min, ina ƙara hawa. Yau in zan bi ta layin sai na tsallaka titi don kunya, kuma har yanzu ban san da wane baki zan ba shi haƙuri ba.

Umma ce ta gano. Ta zo wanke firji, ta jawo akwatin ƙasa inda ake zuba kayan miya, sai ga wani ƙulli a can ƙurya cikin tsumman fenti. Ta kwance, ga allurai reras, ko murfin ɗaya ba a cire ba. Ka ga ko a ɓoyon ma bai yarda su lalace ba, a sanyi ya ajiye su. Ta kira ni tana magana da ƙyar. Na baro wurin aiki ko jaka ban ɗauka ba. Na zo na zube su a gabansa a kan tabarma, ina jiran ya ji kunya. Ina! Ko gezau. Ya dube ni kamar wata sabuwar 'yar koyo, ya shiga yi min bayani a natse, wai ni yarinya ce ban san aiki ba, wai zafin da yake ji alama ce tsohon yana fita, wai kai da ka yi karatu ka san abin da kake faɗa.

Da ƙyar da lallami na kai shi asibiti. Likita ta matsa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya tana kallon fuskarsa, shi kuma ya cije yana cewa da sauƙi, alhali gumi na tsattsafo masa a goshi. Ta sa aka sake hoton hannun, ta ɗora shi kusa da na baya ta nuna min. Yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da mai bi masa, ƙashin ya cinye a gaɓa, sun karkace, kuma ta ce waɗannan ba za su miƙe ba har abada. Sauran ana iya ceto su in ya koma magani yanzu. Ta ce ma ba ta da tabbacin allurar za ta yi masa aiki kamar da, don wani lokaci in aka yanke ta aka dawo, jiki yakan ƙi karɓarta, sai dai a gwada a gani, in ta ƙi a koma wata.

Na kunna mata saƙonka ta saurara har ƙarshe. Don in yi maka adalci, ba ta ce ƙarya ka yi ba. Ta ce binciken gaskiya ne, su ma likitoci suna bin labarinsa da zumuɗi. Amma ta ce har yanzu gwaji ake yi, a kan mutane ƙalilan, yawancinsu masu wani ciwon ne ɗan'uwan nasa, waɗanda aka gwada musu komai ya ƙi. Ta ce aiki ne mai hatsari, sai an kwantar da mutum an sa masa ido, kuma ba wanda ya san shekara nawa za a ɗauka kafin ya iso ga irin su Baba. Ta ce wanda allura ta riƙe shi lafiya lau, ba ma shi ake nema ba. Har nan komai daidai. Sai Baba ya gyara zama ya tambaye ta, tsakaninta da Allah, waɗanda ake yi wa gwajin, ana tsayar musu da tsohon magani kafin a zuba sabon ko ba a tsayarwa. Ita kuma da yake ba ta iya ƙarya ba, ta ce akan tsayar da wasu na ɗan lokaci, amma likitoci ne ke tsarawa, a asibiti, bayan an riga an zaɓi mutum. Yaya, da ka ga kallon da ya yi min! Duk abin da ta faɗa kafin nan da bayan nan ya bi iska. Tun daga ofishinta har bakin titi yana maimaita min cewa ga shi likita ma ta ce sai an kankare.

Babu wanda bai sa baki ba. Kawu ya zo ya yi nasiha har muryarsa ta dishe. Goggo ta zo ta yi kukanta ta share hawaye ta tafi. Amininsa Mai Walda ya zauna da shi yini guda, ya fito yana girgiza kai. Baban yara ya gwada, aka ce masa suruki ba ya shiga maganar jini. Baba ya ƙeƙasa ƙasa ya ce wanda ya kawo maganar shi kaɗai zai janye ta. Na kira ka, ka ce kana cikin taro za ka kira shi da yamma. Ba ka kira ba. Na rubuta maka saƙo mai tsawo, ka maido min da hoton babban yatsa. Bayan kwana kaɗan kuma, don ka ƙarasa ni, sai ga ka turo wani sabon bidiyon a zauren iyali, wai an sake samun ci gaba. Haba Yaya! Wallahi da kana kusa da ni a ranar, da girman da ke tsakaninmu bai hana ni faɗa maka magana ba.

Ina cikin kicin ina wannan bambamin ina buga tukwane, sai Umma ta ce in rage murya in zauna. Ta ce ni duk haukana a kan magani yake, ban saurari ƙarshen saƙon naka da kyau ba. A ƙarshe ka ce in abin ya tabbata, kai da kanka za ka zo ka ɗauke shi ka kai shi. Ta ce wurin nan ne yake sa ta maimaita masa. Ta kuma tuna min abin da ni ban lura da shi ba. Lokacin da yake kwance, kullum kana kan waya, har ka sa ranar zuwa. Da allura ta karɓe shi, sai ka ce alhamdulillahi tunda ya samu sauƙi bari ka ɗaga tafiyar zuwa baɗi. Baɗin ta zo ta wuce, kiran ma ya koma na gaisuwar minti biyu. Ta ce Baba bai taɓa furta wa kowa ba, amma ita da take kwana ɗaki ɗaya da shi ta san ya ƙirga wannan duka. Na ajiye tukunyar, na zauna a kan turmi.

To ga abin da na yi, kuma ba neman izininka nake ba, sanar da kai nake. Washegari na shiga wurinsa da waya a hannu kamar yanzu muka gama magana. Na ce masa ka kira ni, ka ce kana nan tafe a hutun yara mai zuwa, kai da Anti da su duka. Na ce ka ce maganar sabon magani a bar ta sai ka zo kun zauna, amma kafin nan ya koma kan allurarsa, don ba ka so ka zo ka tarar da shi a kwance. Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka ya gano ni, don ka san ban iya ƙarya ba, kunnuwana har zafi suke. Sai ya ce wa Umma ta miƙo masa guda ɗaya daga firji. Yatsun ba su iya danna ta ba. Ya ja wandonsa sama da kansa, ya kau da kai, ya ce in danna masa. Na yi masa ita, wannan karon kuwa ko wash bai ce ba.

Yanzu ya koma kan ƙwayarsa ma, a gabana yake haɗiya, in ce ya buɗe baki in gani, yana zagina ina jurewa. Kumburin ya fara sauka kaɗan, likita ta ce kada mu yi saurin murna sai an sake gwajin jini. Amma unguwa kaf ta ji cewa kana zuwa. Ya gaya wa mai shago, ya gaya wa masu gadin layi, ya sa Mai Walda ya zo ya gyara ƙofar gida da ta shekara tana ƙara. Ya aiki Baban yara ya sayo fenti. Jiya na shiga na same shi a falo, ya sa Umma ta ɗaure masa burushi a hannun dama da tsumma, tunda yatsun nan biyu ba sa riƙo. Yana shafawa kaɗan, ya zauna ya huta, ya sake tashi. Na ce a kira yaran da ya koya wa aiki su ƙarasa masa, ya ce ba wanda zai taɓa masa bango.

Don haka Yaya, na yi ƙarya da sunanka, kuma ba zan je in warware ta ba. Ranar da ya gane babu zuwan, na san allurar za ta koma cikin tsumma, kuma sauran yatsun za su bi waɗancan biyun. Ka nemi hutu, ka nemi rance, ka yi duk yadda za ka yi. In yaran ba za su samu zuwa ba, ka zo kai kaɗai, ko na mako ɗaya ne. In kuma ka ga ba za ka iya ba, to kada ka gaya min, kada ka turo saƙon murya. Ka kira shi ta bidiyo, ka sa ya ɗaga maka hannunsa na dama ka gani, sannan ka faɗa masa da bakinka. Kuma don girman Allah, duk wani sabon bincike da ka karanta daga yau, ka turo min ni kaɗai, ni zan kai wa likita.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka ce mata na gode da turaren, kuma ta taya ni yi maka magana. Ka shafa min kan Babban Mutum da 'Yar Baba da ƙaramin da ban taɓa ɗauka ba. Umma tana gaishe ku, ta ce kada ka ga laifina. Kawu da Goggo da Auta da Baban yara duk suna miƙo gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri, ya ba Baba lafiya, ni kuma ya yafe min.

Baba ma yana gaishe ka. Ya ga ina rubutu, ya ce in tambaye ka wane launi kake so a yi wa ɗakinka, ka ba da amsa da wuri don ya samu ya bushe kafin ku iso.

Ƙanwarka,
Mai Baki